Ranar da Baba Ya Fita ta Ƙofar Lambu

Gidan yana cikin unguwar Al Asmakh, a ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga. Tsohon gida ne tun na zamanin da mutanen Doha suke nitso a teku suna neman lu'ulu'u, kafin a san fetur da gas. Ya daɗe a yashe har rufinsa ya zuba, sai jikokin mai gidan suka gyara shi, suka bar wa wasu 'yan sa kai su riƙa buɗe shi duk Asabar idan zafi ya sauka, kowa ya shigo ya gani kyauta. Ina cikin 'yan sa kan nan.

Ba son tarihi ne ya kai ni ba, kaɗaici ne. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, maigidana kuma injiniya ne a teku, yakan yi makonni bai sauko ba. Muna zaune can ƙololuwar wani dogon bene a unguwar West Bay, inda ko tarin maƙwabci ba a ji. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni gidan. Ina sa ƙafa na ji ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, na ɗaga kai na ga itatuwan rufi a jere kamar azara. Ga zaure, ga tsakar gida, ga dakali. Ta baya kuma akwai ɗan lambu mai dabino da lalle da ɗoɗɗoya, da wata tsohuwar kurna da ta rufe rabin wurin da inuwa. A ƙuryar lambun akwai rijiya. Ranar ban fita ba sai da na ce su sa ni a cikinsu.

Shugabarmu dattijuwa ce 'yar ƙasar, tsohuwar malamar makaranta, muna ce mata Ustaza. Ita ce mai makullai, ita ke dafa gahawar da ake ba baƙi. Sai wani dattijo ɗan Sudan mai kula da lambu, wanda yake buɗe rijiya ya nuna wa yara yadda ake jan guga. Ni kuma aikina in hau da baƙi sama, in nuna musu ɗakunan kwana da kan soro, in yi musu bayani da Turanci.

A shekarar da nake ba da labari ne Umma ta rasu. Bayan 'yan watanni yayana ya kira ni daga Zariya ya ce Baba ya fara mantuwa: sai ya yi sallah ya sake tambaya ko an kira, sai ya nemi tabarau alhali yana idonsa. Muka yi shawara a kawo shi wurina likitoci su duba shi. Baba tsohon malamin dabbobi ne, mutum mai magana da barkwanci, amma a gidana sai ya zama kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba. Yana tsoron lif, na'urar da ke hawa da mutane bene. Ba ya zuwa kusa da taga, wai jiri take sa shi. Ya wuni a kujera ɗaya da carbi, in na yi masa magana ya ce "To" kawai.

Shi ya sa wata Asabar na ce ya shirya mu fita. Na goge masa farin kaftani, na ɗauko masa hularsa mai ruwan ƙasa, na miƙa masa sandarsa.

Muna shiga zauren gidan ya tsaya. Ya shafa bango da tafin hannunsa, ya dubi rufi, sai ya yi sallama da ƙarfi kamar mai jiran matar gida ta amsa daga ciki. Ustaza ta amsa masa tana dariya, ta zuba masa gahawa. Ya kurɓa, ya juyo gare ni ya ce, "Yanzu na ga gidan mutane. Ashe akwai irin wannan a garin nan kika ajiye ni a saman iska?"

Rabon da in ji jimla mai tsawon haka daga bakinsa har na manta. Na sa masa kujera a gindin kurna. Ɗan Sudan ɗin ya tsinko masa 'ya'yanta, Baba ya tauna ya ce ta gidansu ta fi zaƙi. Ba mai jin harshen wani, amma suka yi ta dariya. Zuciyata ta yi fari ƙal.

Bayan azahar sai ga babbar mota ta sauke masu yawon buɗe ido a bakin lungu, jama'a fiye da yadda muka saba gani. Gida ya cika maƙil. Na sunkuya na ce, "Baba, zan hau da baƙi sama. Ka zauna nan, yanzu zan sauko."

Ya ce, "Je ki abinki, uwata. Ina za ni?"

Na hau. Baƙin masu yawan tambaya ne. Wani yana son sanin yadda ake kwana a kan soro, wata tana son a ɗauke ta hoto a kowace ƙofa. Na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Da na sauko na leƙa lambu, kujera ba kowa.

Da farko ban damu ba. Na ce ko ya zaga ne. Na ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki, wani Bature ya fito. Na leƙa zaure, na leƙa ɗakin girki na da, na tambayi Ustaza, ta ce ba ta gan shi ya wuce ta gabanta ba. Na koma lambu ina kiran "Baba, Baba," a hankali don kada in tayar da hankalin baƙi. Sai idona ya kai ƙurya. Sandarsa tana jingine a bakin rijiya, murfin kuma a buɗe.

Ban san yadda na isa wurin ba. Rijiyar tana da murfin katako, a ƙarƙashinsa kuma akwai ragar ƙarfe da ake sa wa kwaɗo. Duka biyun a ɗage suke. Ɗan Sudan ɗin ya gama nuna wa yara guga, sai aka kira shi ya taimaka a shigo da wata tsohuwa mai keken guragu, ya tafi da niyyar dawowa nan take. Na leƙa, ba na ganin komai sai duhu. Na kunna fitilar waya na haska. Can ƙasa, a kan ruwa, wani abu yana juyawa a hankali. Na san aikin da ke jikinta, domin da safe ni na ɗauko ta. Hular Baba ce.

Sun ce na yi ƙara. Ni ban ji ba. Na dai san na zube a ƙasa ina maimaita "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar bakin ba nawa ba. Jama'a suka yo kaina. Ɗan Sudan ɗin ya ratso su da gudu, ya leƙa, ya ga abin da na gani. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe jallabiyarsa, ya ɗaura igiyar guga a ƙugu, ya miƙa wa wasu maza biyu cikin baƙi ɗaya bakin. Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya fara sauka yana taka ramukan da ke jikin dutsen.

Ustaza ta durƙusa ta rungume ni ta baya, ina jin bugun zuciyarta a gadon bayana. Gidan da ke cike da hayaniya ya yi tsit, sai ƙarar ruwa daga ƙasa. A lokacin babu abin da ban gani ba a raina. Na ga ana fito da shi, farin kaftanin ya manne a jikinsa. Na ga kaina ina kiran yayana ina ce masa amanar da ya ba ni ta mutu a rijiyar mutane a ƙasar mutane. Na ga 'yan uwa a tsakar gidanmu suna cewa, an kai shi neman magani, an bar shi shi kaɗai.

Muryar ɗan Sudan ɗin ta taso daga ciki da Larabci. Ustaza ta saurara, ta girgiza ni. Ta ce ruwan iyakarsa ƙugu, ya laluba ko'ina da ƙafa da hannu, babu kowa. Hula ce kawai. Da alama ya leƙa ne ta faɗa.

Na yi hamdala, amma ko numfashin kirki ban ja ba wani tsoron ya maye gurbin na farko. Idan ba ya rijiya, kuma ba ya cikin gida, to yana ina?

Ustaza ta miƙe ta tafa hannu kamar a aji. Ta sa aka rufe ƙofar zaure, ta roƙi baƙi kowa ya duba hotunan da ya ɗauka. Ba a jima ba wata mata ta matso da wayarta. Ta ɗauki bidiyon 'yarta a gindin dabino, a bayan yarinyar kuma ga Baba, kai ba hula, hannu ba sanda. Ya nufi wata ƙaramar ƙofa da ke bayan lalle, wadda ake fitar da shara ta cikinta, ya zare sakata kamar wanda ya saba da ita tun yana yaro, ya fice. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tafiyarsa. Mutumin da sai na riƙe shi yake hawa matakala, ga shi yana tafiya a miƙe, da sauri, kamar mai zuwa inda ake jiransa.

Ba shi da waya. Fasfonsa yana cikin jakata. Ba ya jin Larabci sai na karatu, Turancinsa kuma tun rasuwar Umma ya fara guje masa. Ko sunan unguwar da nake bai sani ba.

Ustaza ta kira 'yan sanda. Suka zo, suka karɓi hotonsa, suka yi mini tambayoyi cikin mutunci, suka ce in zauna a gidan ko zai dawo. Ban iya zama ba. Na fita ta ƙaramar ƙofar nan, sauran 'yan sa kai suka rarrabu, har da wasu daga cikin baƙin da suka bar motarsu ta tafi.

Wanda ya san Al Asmakh ya san lungunanta ba sa tafiya a miƙe. Ka shiga wannan ya kai ka wancan, ka dawo inda ka baro. Tsofaffin gidaje ne, wasunsu ma'aikata sun cika su sun shanya kaya a kan katanga, wasu kuma kango, ƙofa a karye, ciki duhu. Duk kangon da na gani sai na leƙa ina kira. A wani wuri an haƙa rami mai zurfi za a yi sabon gini, an kewaye shi da kwano, amma akwai inda kwanon ya buɗe daidai shigar mutum. Na daɗe a tsaye kafin in iya tura kaina in duba. Na shiga shagon tela, na shiga na masu gyaran waya, na tsayar da masu keke ina nuna hoto. Kowa ya duba ya girgiza kai. Wani mai sayar da kayan miya ya ce ya ga tsoho baƙi ya yi nan, wani a gefensa ya ce a'a, can ya yi.

Aka kira la'asar. Na ce ko duniya ta ɓace wa Baba, kiran sallah ba zai ɓace masa ba. Na ruga masallacin da ya fi kusa. Ba zan iya shiga cikin maza ba, sai na tsaya a bakin ƙofa ina bin takalma ɗaya bayan ɗaya, ina neman baƙin sandal ɗinsa mai ɗinki a gefe. Na jira aka sallame, na kalli kowace fuska har masallaci ya zama wayam. Na tafi wani masallacin, na tarar an watse.

Ina fitowa babban titi motar asibiti ta wuce da jiniya. Na bi ta da gudu, mayafina yana jan ƙasa, mutane suna kallona. Motoci a titin nan ba sa sassautawa, kuma Baba ya saba da garin da mai mota yake ganin furfura ya taka birki. Na bi ta har numfashina ya ƙare, ta sha kwana ta ɓace. Na tsaya riƙe da ƙarfen fitilar titi ina haki. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Yayana ne, kiran da ya saba yi duk Asabar don su gaisa da Baba. Na zuba wa wayar ido har ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa.

Sai a sannan dabara ta zo mini. Akwai zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Doha, wanda ban cika leƙawa ba, domin yawanci sanarwar suna ce da ta'aziyya. Na tura hoton Baba, na yi magana da murya, ina kuka ina faɗin inda ya ɓace da kayan da ke jikinsa. Kafin in sauke hannu saƙonni sun fara shigowa. Likitoci, direbobi, masu gadi, mutanen da ban taɓa gani ba, kowa yana addu'a, kowa yana cewa ya tura gaba. Wani ya ce ya tashi daga aiki ke nan, zai zaga da mota.

Na koma gidan saboda ƙafafuna sun gaza. An sallami baƙi. Ɗan Sudan ɗin yana zaune a dakali da jiƙaƙƙiyar jallabiya, ya kifa kai a gwiwa, ya kasa haɗa ido da ni. Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Abin da nake ta faɗa a raina shi ne, idan duhu ya yi, shi ke nan. Ustaza ta miƙo mini ruwa, na ajiye shi a gefe.

Ana gab da magariba wata baƙuwar lamba ta kira. Na ɗauka.

"Salamu alaikum. Hajiya ce mai neman tsoho?" Muryar babban mutum ce, da harshen mutanen Zamfara.

"Ni ce. Don Allah, yana da rai?"

"Shina nan gabana, lahiya lau. Shayi ma shika sha. Kwantar da hankalinki, ki taho Najma."

Najma! Wata unguwa ce can bayan manyan tituna. Ban san yadda tsoho mara sanda ya tsallake waɗannan tituna ya kai can ba, har yau kuma ban sani ba. Ustaza ta ɗauki makullin motarta ta ce, "Yalla," wato mu tafi. A hanya ta kira 'yan sanda ta shaida musu. Ni kuwa ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ba ta wurin ba ce.

Wurin ƙaramin gidan abinci ne a tsakanin shaguna, cike da ma'aikata da ƙamshin soyayyar albasa. Mutumin ya tare mu a ƙofa. Dattijo ne mai furfura a gemu, direban wani kamfani. Ya ce ya fito daga aski ne ya ga tsoho a bakin titi, kai ba hula, yana tare mutane. Har ya wuce, sai ya ji Hausa a bayansa: "Don Allah, ina hanyar Ƙofar Doka?" Ƙofar Doka kuwa a Zariya take. Ya juyo ya ga Baba ya sa ƙafa zai shiga cikin motoci, ya damƙo hannunsa. Baba ya ce masa innarsa ce ta aike shi, tana jira, kuma ya daɗe. Mutumin ya gane abin da ake ciki, ya ce masa su sha shayi tukuna sai ya raka shi. Suna zaune abokin ɗakinsa ya shigo ya nuna masa hoton da na tura.

Na hango Baba a can ciki. Kaftaninsa ya yi ƙura, takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗaya ƙafar kuma jini ya bushe a yatsunta. Na tafi na durƙusa a gabansa, na kama hannunsa.

"Baba. Baba, ka ba ni tsoro."

Ya zare hannunsa a hankali, cikin ladabi, yadda ake yi wa matar da ba muharrama ba. Ya dube ni da kyau. Babu fushi a idonsa, babu wasa.

Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. 'Yar gidan wa?"

Tsoron rijiya da na titi duk ba su kai wannan ba. Waɗancan na san abin da nake tsoro. Wannan kuwa, ga shi a gabana, da ransa, har yanzu ina jin ɗumin hannunsa a tafina, amma kamar an ɗauke shi an bar mini kaftani. Na faɗi sunana. Na faɗi sunan Umma. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo, ya juya ga direban ya ce, "Malam, mu tafi, dare zai yi."

Direban ya sunkuyo ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Hajiya, kada ki matsa mishi. Haka tsohuwata ta yi kafin ta rasu. Bi shi a sannu, zai dawo."

Da muka fito Baba ya ga Ustaza a gaban mota, sai ya ja da baya, ya ce shi ba ya shiga motar matan mutane. Babu irin lallashin da ban yi ba. A ƙarshe direban ne ya shiga baya ya ce, "Taho, Baba, su za su rage muna hanya." Sai ya shiga. Mutumin nan ya bar abin da yake yi, ya bi mu har asibiti, yana riƙe da hannun mahaifina, ni kuma ina gaba kamar bare, ina kallon su ta madubi. Aka wanke ƙafar, aka ƙara masa ruwa. Barci ya ɗauke shi, a cikin magagi muka kai shi gida. Direban ya ƙi karɓar komai, ya ce in dai riƙa sanar da shi yadda jikin yake.

Na kulle ƙofa na zare makulli, na ja kujera na tokare ta, na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinsa.

Da safe ina haɗa koko na ji ya kira ni, da sunana na yanka, da muryarsa ta kullum. Cokali ya faɗi daga hannuna. Na same shi zaune a bakin gado yana duban bandejin ƙafarsa.

"Uwata, me ya sami ƙafata? Kuma ina sandata?"

Na tsaya ina tunanin ko in ce masa tuntuɓe ya yi. Amma Baba bai taɓa yi mana ƙarya don ya kwantar mana da hankali ba, ko a ranar da likita ya faɗi ciwon Umma. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ba shi labari, na rage abin da zan iya ragewa. Yana saurare, fuskarsa tana sauyawa.

"Ni? Ni na yi wannan tafiyar?"

"Kai, Baba."

"Kuma kika zo ban gane ki ba?"

Na gyaɗa kai. Ya dubi hannuwansa. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. Mutumin da yake shiga tsakiyar garke ya kama bijimi ta ƙaho, ga shi yana kallon ɗakin kamar bango zai matso.

Can ya ce, "Ina tuna kurna. Ina tuna na leƙa rijiya. Daga nan babu komai, kamar an hure fitila." Ya yi ajiyar zuciya. "To, ki riƙa riƙe ni. Ko na ce ki sake ni, ko na yi miki faɗa, kada ki saki."

Na ce to. Daga nan na kira yayana na faɗa masa komai. Da na gama, ya ce in ba shi Baba.

Likitoci sun yi gwaje-gwajensu, suka faɗi sunan ciwon, suka ce magani yana rage masa gudu ne kawai. Na ɗinka wa kowace rigarsa ƙyalle mai lambar wayata ta ciki. Na daina zuwa gidan Al Asmakh. Ko a mota ba na bin hanyar.

Ustaza ce ta zo har gida, ita da ɗan Sudan ɗin, da kwalin dabino da sandar Baba da hularsa a wanke. Ta ce sun sa wa ƙofar lambu kwaɗo da ƙararrawa, rijiya kuma an daina buɗe ta sai da mutum biyu a tsaye. Ɗan Sudan ɗin ya durƙusa gaban Baba yana ba shi haƙuri da Larabci, hawaye yana bin gemunsa. Baba bai san laifin da ake ba shi haƙuri a kai ba, amma ya dafa kansa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da za su tafi sai ya tambaye ni yaushe za mu koma gidan nan mai kurna.

Na ce ba za mu koma ba. Ya yi shiru, ya koma kujerarsa da carbinsa. Kwanaki suka wuce yana ƙara shiga cikin shirun nan, ina kallo. Daga baya na gane cewa a kulle ma rasa shi nake yi, a hankali. Kafin zafi ya dawo a rufe gidan, kafin kuma yayana ya zo ya tafi da shi Zariya, na sake goge masa kaftani, wata Asabar na mayar da shi can.

Ɗan Sudan ɗin ya ajiye aikin lambu ranar, ya jawo kujera ya zauna gwiwa da gwiwa da Baba. Na hau sama da baƙi, amma bayanin da na haddace ya riƙa tsinkewa a bakina. In fara magana a kan ɗakin kwana, sai in tsinci kaina a bakin soro ina leƙen lambu. In dawo in ci gaba, in sake komawa. Wata dattijuwa cikin baƙin ta lura, ta tambaye ni ko lafiya.

Na ce, "Mahaifina ne a ƙasa. Ba shi da lafiya sosai."

Ta zo ta tsaya kusa da ni ta leƙa. Ta ce in je in ƙarasa wa sauran bayani, ita ta riga ta gaji da hawa da sauka, za ta tsaya nan ta duba mini shi.